Ƙaton salansa ya kusa haɗa ni da Yayana

1/ Duk mai shirin saka wa motarsa ƙaton salansa don ta riƙa ruri, tsaya ka ji abin da ya same ni. Zare ne, a yi haƙuri 🧵

2/ Hutun da ya wuce Yayana ya yi tafiya ya bar min Golf ɗinsa, wadda yake lodin Kano zuwa Zariya da ita. Da ita yake ci da iyalinsa, da ita yake biya min kuɗin makaranta.

3/ Ni kuma rawar kai, wai ina aji uku a injiniyanci. Na kai ta wajen mai walda aka yanke bututun da ta zo da shi, kusan inci 2, aka ɗora na inci 3. Lissafina: hanya ta buɗe, ƙarfi zai ƙaru. Ƙara kam ta yi, har 'yan layinmu na leƙowa.

4/ Ranar da Yaya ya koma lodi, da yamma sai ga kira: "Kai, me ka yi wa motar nan? In ta cika sai na danne totur kafin ta tashi, ga shan mai." Wallahi gumi ya karyo min.

5/ Na koma littafi. Ashe hayaƙi ba kamar ruwan famfo yake fita ba. Bugu-bugu yake fita, duk sanda bawul ya buɗe. Kowane bugu in ya wuce da gudu yana barin zuƙo a bayansa, shi ke janyo ragowar hayaƙi daga silinda, sabuwar iska da mai su samu wuri.

6/ Daga inci 2 zuwa 3, faɗin cikin bututu ya ninka sau 2.25. Hayaƙin bai ƙaru ba, don haka gudunsa ya ragu, kamar ka ɗage yatsa daga bakin tiyo. A ƙananan juyi zuƙon ya yi rauni, ƙarfin ja ya faɗi. Shi ne ƙarfin da ke tayar da mota da kaya.

7/ Matsattsen bututu ma da tasa matsalar: in inji ya ɗau zafin juyi sai ya shaƙe shi. Ƙarfin doki kuwa ƙarfin ja ne sau yawan juyi. Shi ya sa motar tsere ke son faffaɗa, can sama take rayuwa. Motar haya a ƙasa take neman abincinta.

8/ Masu cewa inji na son a ɗan toshe shi, ba toshewa yake so ba. So yake hayaƙin ya fita da gudu.

9/ Kuɗin cefanena na wata na kwasa aka mayar da bututun da ya dace. Yaya bai yi faɗa ba. Ya dai karɓi makullinsa ya ce, "Injiniya, a bari a gama karatun tukuna." Har yau bai sake bar min ita ba 😭