Auren Haɗi a Zangon Lome: Amana Ake Saye

A Kano, idan attajiri zai haɗa 'yarsa aure, tsaransa yake nema: ɗan ƙaninsa, ko ɗan wani mai hali irinsa. Tuwona maina, kada dukiya ta bar gida. A Zangon Lome ta ƙasar Togo kuwa an san wani salon. Maigida, mai saukar da fatake kuma dillalin shanu, yakan ɗauki 'yarsa ko 'yar riƙonsa ya ba yaronsa, wanda ya sauka garin ba shi da ko tabarma. Wani lokacin ma shi zai ɗauki nauyin hidimar. Wani Bafaranshe, Michel Agier, ya bi diddigin irin wannan ƙullin zumunci a littafinsa na 1983 kan 'yan kasuwar unguwar.

Kada a ɗauka tsabar karamci ne. Cinikin shanu a nan bashi ne, ba takarda, ba sa hannu. Baƙo kuma ba shi da dangin da za a kama idan ya gudu da kuɗi. Amma yaron da ya zama suruki ina zai je? Matarsa 'yar gida ce, 'ya'yansa jikokin maigida ne. Hukuma ta rushe tsohon Zango a 1977, ta mayar da mutane can arewacin gari wajen Agoè, sai dai katafila ba ta rushe surukuta.

Masu kuɗin Ingila na da sun fi mu fito da ciniki fili. Can uban amarya ne ke biya, abin nema kuma gonaki da muƙami. A 1617 babban lauya Edward Coke ya tilasta wa 'yarsa Frances auren John Villiers, yayan ɗan lelen Sarki James, ya haɗa da fam 10,000, don ya sake samun fada a wajen sarki. Auren bai yi ƙarko ba. A 1753 majalisarsu ta yi dokar hana wanda bai kai shekara 21 ba aure sai da yardar iyaye, saboda tsoron masu gudu da magada.

Na Zango ya fi wannan mutunci, domin yana ɗaga talaka. Amma a duka wuraren uku maza ne ke zama su gama magana, sannan a aika wa yarinya. Dokar iyali ta Togo ta wajabta yardarta, hadisi ma ya ce a nemi izinin budurwa. Alhazan Zango, a riƙa tambayarta tun kafin a raba goro.