Kokwambar Jamus da Gurjin Gida

Abin da har yau na kasa sabawa da shi a Jamus shi ne yadda ake tsinke kokwamba tun ba ta wuce tsawon ɗan yatsa ba. Ga wanda ya taso yana zaɓen gurji mafi girma a faranti, a yanka masa, a barbaɗa garin ƙuli da yaji, wannan ɓarna ce ƙiri-ƙiri. Kwaɗayin gurjin ne ma ya sa na kama ɗan fili a lambunan hayar da ke bayan garin Berlin.

Nan ba a kai irin kokwamba ƙasa sai bayan 15 ga Mayu, in jaurar dare mai ƙona tsiro ta wuce, kuma kafin Oktoba an tashi. Mu da ke da damina ga noman rani a fadama, sai na ji har tausayin Jamusawa nake. Amma ɗan lokacin nan ba sa wasa da shi. Ana zuba ruɓaɓɓen taki, a bar tazarar santimita 30 zuwa 40, a kafa raga don yabanyar ta hau. Ban ruwa a gindi ake yi, da ruwan duro wanda ya sha rana, domin ruwan famfo mai sanyi ko ƙishirwa na sa ta ɗaci, jiƙa ganye kuma na jawo funfuna.

Tsinkewar da ke ba ni haushi ma da dalilinta. Ana zagayawa duk bayan kwana biyu, a cire wadda ta kai santimita 6 zuwa 9. Idan guda ta ɓuya ƙarƙashin ganye ta ƙosa ta yi rawaya, uwar sai ta rage fure. A yankin Spreewald, wanda sunan kokwambarsa ya samu kariyar Tarayyar Turai a 1999, tarakta ce ke jan wasu dogayen fukafukai, ma'aikata na kwance a kai rubda-ciki suna tsinta. Duk da haka, hannuna na rawa in zan cire 'yar mitsitsiya.

Jiƙon da ake wa kokwambar don ajiya ne ya fi ba ni sha'awa. Gishiri giram 50 a litar ruwa, da tafarnuwa da ganyen dil, a yanke bakin da fure ya fito don kada ta yi laushi, a danne ta cikin kwalba ruwa ya rufe ta. Cikin mako ɗaya ko biyu ta yi tsami. A Janairu, ana dusar ƙanƙara, sai ka ji ta ƙaras-ƙaras a baki. Mu gwanayen shanya ne, kauɗa da busasshiyar kuɓewa shaida ne, amma gurji in ya yi kwantai sai akuya.

A zafin Kano jiƙon gishiri zai nuna da wuri, sai dai yana buƙatar firiji. Mai son gwadawa gara ya zuba ruwan binega mai zafi, ya rufe kwalbar gam, ya dafa ta cikin tukunya. Haka za ta yi watanni ko da wuta ko babu.