DAGA IKKO ZUWA ANKARA A KAN KEKE

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili in ba 'yan'uwa labarin wata tafiya da muka yi a watan Disamba 2024, mu huɗu mutanen Mahuta: malaman makaranta biyu, da akawu ɗaya, da wani mai gyaran keke.

Tun muna yara muke jin kakanninmu suna zancen fataken Gwanja, waɗanda kan yi wata da watanni a ƙasa da jakuna, su kai kanwa su sayo goro. Mu kuwa duk cikinmu ba wanda ya taɓa ganin teku. Saboda haka da aka gama kaka aka ba da hutu, sai muka ɗora kekunanmu a motar masara daga Funtuwa har Ikko. Daga nan muka hau, muka nufi yamma, teku tana hannunmu na hagu, niyyarmu Ankara, babban birnin Gana, tafiyar kusan mil 300.

Ran farko muka kwana Badagiri, inda aka nuna mana benen da Turawan mishan suka gina a 1845. Kashegari muka ƙetare iyaka a Seme. Ba a nemi biza gare mu ba, domin tun 1979 ƙasashen Afirka ta Yamma suka shirya talakawansu su riƙa shiga ƙasashen juna, amma lalle mutum ya riƙe takardar tafiya da katin allurar shawara. Muka wuce Kwatano, muka tsaya Wida, inda a 1995 aka gina wata babbar ƙofa a bakin ruwa don tunawa da bayin da aka ɗiba a jiragen ruwa. Na daɗe tsaye a nan ban ce uffan ba, gama na san a cikinsu akwai waɗanda aka koro daga ƙasashenmu na arewa.

Jama'a, gani ya kori ji. Ruwan nan ba a ganin ƙarshensa, ga ruri dare da rana, ga gishiri ba ya shawuwa. Itatuwan kwakwa kuwa sun yi jere kamar dogarai. Amma zafin can dabam ne da namu. A lokacin da hunturu ke fasa mana leɓe a gida, can gumi ne ba ya bushewa, sarƙar keke kuma kullum sai an sa mata mai don tsatsa.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zango. Kowane babban gari muka shiga, da mun tambayi zango sai a nuna mana, mu iske masallaci da masu jin Hausa, waɗansu ko ƙasar Hausa ba su taɓa takawa ba. A Lome sai da muka ratse arewa da gari, domin a 1977 hukuma ta rushe tsohon zango ta mai da mutanensa can. Duk da haka al'adar ba ta rushe ba. Ba wanda ya tambaye mu ko ɗan wane ne sai bayan mun sha ruwa mun yi salla.

Bayan Aflawo hanya ta rabu da teku. Da muka haye gadar kogin Bolta a Sogakofe, sai gwiwar babbanmu, mai shekara 58, ta kumbura. Ya ce mu ci gaba, shi ya biyo mu a mota. Akawu ya yarda, don hutunsa ya kusa ƙarewa, har muka yi 'yar sa-in-sa. Mai gyaran keke ya ce tare muka fito, tare za mu shiga. Wani mahauci Bahaushe ya sauke mu kwana biyu, iyalinsa na gasa wa dattijo gwiwa da ruwan zafi, ko ahu bai karɓa ba. Muka raba kayansa a kekunanmu, muka riƙa tafiya sannu sannu, muka sake ganin teku a Tema. Ran kwana na goma sha ɗaya, da la'asar, muka shiga Sabon Zango na Ankara, unguwar da Malam Bako ya kafa, mu huɗu a jere. Dattijo ya sauka ya yi sujada, akawu ne kuwa ya fara rungume shi.

To, Malam Edita, ga abin da ya sa na rubuto. Ba ƙarfin ƙafa ya kai mu ba, karamcin mutanen zango ne. Mu kuwa a nan, tun da ɓarayin daji suka addabi kudancin Katsina, baƙo in ya yi sallama da magariba sai a rufe masa zaure. Ban zargi kowa ba, tsoron yana da dalili. Amma ina ba da shawara kowane mai unguwa ya ware ɗakin baƙi kusa da masallaci, a san mai zuwa, a rubuta sunansa, kana a ba shi ruwa da tuwo. Kada jikokin fatake su riƙe al'adarmu a bakin teku, mu masu ita mu yar.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin. Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Malamin Makaranta,
Mahuta.