Launin Tubalan Scratch

Manhajar Scratch, wadda jami'ar MIT ta Amurka ta fitar a 2007, ba ta buƙatar yaro ya rubuta dogon umarni. Tubala yake ja yana harhaɗawa, kowane rukuni da launinsa: na motsi shuɗi, na lissafi kore, na soma aiki rawaya. Kafin ya iya karanta abin da ke jikin tubali, idonsa ya riga ya san inda zai kai hannu.

A nan Jabo, inda sau da yawa da kwamfutar aro nake koya wa yara, na lura launin ba ɗaya ba ne. A tsohuwar kwamfuta mai dusasshiyar fuska, da tsakar rana, farin rubutu a kan rawaya ɓacewa yake yi. A 2023 masu Scratch suka ƙara wani zaɓi mai baƙin rubutu a kan tubala masu haske, kuma ni shi na fi so. Sai dai zaɓin a na'urar yake zama, ba ya bin aikin yaron. In ya buɗe aikinsa a wata kwamfutar can Tambuwal, launukan asali zai tarar, sai ya sake zaɓa. Shi ya sa tun ranar farko nake nuna musu inda ake sauyawa.