Haƙƙin Mai Tireda da Mai Shayi a Kan Mutanen Unguwa



Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu a tsakaninmu mutanen Gusau da Tsafe da Bunguɗu, wadda saboda yawanta har mun daina ganin muninta, ita ce ranar da albashi ya shigo, ko aka sayar da waken suya aka ƙirga kuɗi, sai magidanci ya hau babur ya nufi babban kanti mai gilashi da na'urar sanyaya ɗaki, ko kuwa ya aika Kano a ɗoro masa kaya a mota, ya biya lakadan ba tare da neman ragin ko kwabo ba. Amma ranar da wata ya yi nisa, aljihu ya bushe, uwargida ta ce babu sukari babu sabulu, a ranar ne yake tunawa da mai tiredar da ke ƙofar gidansa, ya tura yaro a ce a bayar a rubuta. Ba ina nufin manyan kantuna abokan gaba ne ba, domin da yawansu na 'ya'yan jiharmu ta Zamfara ne, kuma matasanmu suna cin abinci a cikinsu. Abin da nake cewa shi ne rabon bai yi adalci ba, tunda mun keɓe wa mai ƙarfi tsabar kuɗinmu, mun bar wa mai rauni bashinmu, alhali kuwa shi mai raunin yana da haƙƙi biyu a kanmu, na ciniki da na maƙwabtaka.

Magabatanmu ba su ɗauki wannan al'amari da wasa ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a cikin littafinsa Usulus Siyasa wanda ya rubuta wa Malam Umaru Dallaji na Katsina, ya lissafta kula da masu sana'a, irin su manoma da maƙera da maɗinka da marina da mahauta da masassaƙa, a cikin wajiban shugaba, har ya yi umurni da a zaunar da su a kowane gari gwargwadon buƙatar mutanensa, domin ya san gari ba ya tsayuwa da fada da masallaci kaɗai sai da waɗanda ke biyan buƙatun yau da gobe. Birnin Gusau kansa, wanda Malam Sambo Ɗan Ashafa ya kafa a zamanin jihadi, bai bunƙasa ya shahara ba sai da ciniki, musamman bayan da layin dogo ya taso daga Zariya, ya ratsa Funtuwa da Tsafe da Gusau, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Daga nan kamfanonin Turawa da Kwarori suka kakkafa kantuna suna awon gyaɗa da auduga, aka kafa injin gurzar auduga, daga baya aka sami masaƙa da injin matsar mai, garin ya cika da baƙi daga kudu da arewa. To, ina waɗancan manyan kamfanoni a yau? Sun naɗe tabarmarsu lokacin da riba ta ƙaura, masaƙa ta yi shiru, jirgin ƙasa ya zama labarin da kakanni ke ba jikoki. Amma maƙerin da kakansa ya ƙera wa manoman gyaɗa fartanya yana nan a maƙerarsa, da mai fura, da mahauci, da tela, saboda su ba su da wani garin da za su koma in ba wannan ba.

Duk wanda yake son ya san matsayin mai tireda, to ya tsaya kusa da shi tsakanin magariba da isha'i, a Tudun Wada ko Birnin Ruwa ko Sabon Gari, ya buɗe ido. Zai ga yarinya ta zo da 'yan kuɗi a dunƙule cikin tafin hannu, a auna mata man gyaɗa a murfin kwalba, a ƙulla mata sukari a leda, a ba ta dunƙulen Maggi biyu da ƙullin gishiri, wato cefanen da babu wani babban kanti a duniya da zai yarda ya ɓare kwali dominsa. Zai ga dattijo ya matso ya yi ƙasa da murya don kada na kusa su ji, mai tireda kuwa, ba tare da ya bari ya ƙarasa maganar ba, ya ce, "Haba Baba, ɗauka mana, in Allah ya hore ka kawo," sannan ya jawo wani tsohon littafin makaranta daga ƙarƙashin kwalin ashana, wanda gefensa ya yi baƙi saboda mai da yawan buɗawa, ya rubuta da boko ko da ajami. A cikin wannan littafi asirin rabin unguwa yake: gidan da aka kwana uku ba a ɗora tukunya ba, da ma'aikacin da albashinsa ya makara, da matar da mijinta ya rasu ta rasa mai tallafa mata. Kuma abin da ya fi ba ni sha'awa, har nake ganinsa wani babi ne na sadaka wanda malamai ba su cika ambatonsa a wa'azi ba, shi ne mai tireda na kirki yakan rufe wannan littafi ya rufe bakinsa tare da shi.

Jarrabawa biyu sun same mu a 'yan shekarun nan waɗanda suka isa su zama hujja ga mai neman hujja. A watan Satumba na 2021, lokacin da aka katse layukan waya a faɗin Zamfara aka kuma rufe kasuwannin mako-mako saboda matsalar 'yan bindiga, mutum yana da kuɗi a banki amma ba shi da hanyar taɓa su, ɗan'uwansa yana Abuja ko Legas amma ba shi da hanyar gaya masa halin da ake ciki, har wasu suka riƙa tafiya Funtuwa domin su buga waya kawai. Haka kuma a farkon 2023, bayan da aka canza fasalin takardun naira, tsabar kuɗi suka ɓace, aka riƙa kwana a layin banki. A waɗannan lokuta biyu, wa ya ciyar da unguwanni? Ba wanda ke sayarwa ta intanet ba ne, ba kuma na'urar da ke cewa kuɗi sun shiga ko ba su shiga ba. Mai tireda ne da mai awo da mai kayan miya, waɗanda suka san fuskar mutum da ƙofar gidansa da sunan ubansa, suka ba shi a kan amana.

Na san abin da wasu za su ce, cewa kayan tireda sun fi tsada, kuma gaskiya ne sau da yawa. Sai dai ya kamata a san inda tsadar ta fito. Shi mai tireda kwali ɗaya ko biyu yake sarowa a hannun dila a kasuwar Gusau, dilan kuma ya saro daga Kano ya ɗora kuɗin mota da lodi da abin da ake karɓa a hanya. In kuwa tiredar a Tsafe take ko Kwatarkwashi ko Nahuce, to an ƙara wani kuɗin motar, wanda ya ninka tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, ga kuma hatsarin hanyar da kowa ya sani ba sai na faɗa ba. Bayan wannan akwai wata asara ɓoyayya da masu cin bashi ba su lissafawa: idan ya ba ka tiyar shinkafa yau a kan farashin yau, ka biya shi bayan wata uku a lokacin da kaya suka tashi, to kuɗin da ka kawo ba za su mayar masa da tiyar da ka ɗauka ba, kuma shari'a ba ta ba shi damar ƙara maka ko sisi saboda jinkiri ba, domin wannan riba ce haramtacciya. Da haka jari yake narkewa sannu a hankali, sai wata rana a ga kantar ta zama fayau, a ce wane ya karye, alhali waɗanda suka karya shi suna sahu ɗaya da shi a masallaci.

Saboda haka taimako na farko, kafin yabo da kafin talla, shi ne biyan bashi. Ayar da ta fi kowace tsawo a cikin Alƙur'ani mai girma, a Suratul Baƙara, a kan bashi ta sauka da rubuta shi da kafa masa shaidu, kuma tun muna gaban malaman zaure aka karantar da mu cewa jinkirin mai hali wajen biyan abin da ake bin sa zalunci ne. Wanda ba shi da shi, uzurinsa karɓaɓɓe ne, ya je ya faɗa da bakinsa a yi masa jinkiri. Amma mutumin da ke canza hanya don kada ya bi ta gaban tireda, yana riƙe da sabuwar waya a hannu, wannan ya ji tsoron Allah.

Teburin mai shayi kuwa al'amarinsa ya wuce ciniki. A Ingila mutane kan yi kukan rufewar mashayar unguwa saboda nan ce matattararsu. Mu a nan, inda addini da al'ada suka hana wannan, shari'a kuma ta tabbatar da hanin tun shekarar 2000, matattararmu ita ce bencin mai shayi da rumfar mai fura da inuwar mai gyaran babur. A nan ake jin labarin asuba a rediyo ana jiran ruwa ya tafasa, a nan ake sanar da rasuwa da ɗaurin aure, a nan birkila ke samun aiki, baƙo ya sami mai nuna masa ɗakin haya, ɗan gudun hijirar da ya baro ƙauyensa da rigar jikinsa ya sami wanda zai ce a haɗa masa kauri da burodi a kan asusunsa. Unguwar da ta rasa irin wannan wuri, mutanenta za su wayi gari ba su san juna ba, kuma a halin da muke ciki na rashin tsaro, rashin sanin juna ba ƙaramar musiba ba ce.

Kada kuma a manta da matan da ke sana'a a bayan katanga, masu ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da daddawa da hoce, waɗanda ba su da allon talla sai bakin maƙwabta, kuma da yawansu da wannan suke riƙon marayu.

Ba zan rufa wa masu sana'a asiri a kan laifinsu ba, domin ƙauna ba ta hana faɗin gaskiya. Akwai telan da ke karɓar ɗinkin da ya san ba zai gama kafin salla ba, ya yi ta rantsuwa har daren idi, ya manta cewa kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Akwai mai awon da ya bubbuge gindin kwano, alhali Suratul Muɗaffifina sukutum da sunan masu tauye mudu aka kira ta. Akwai mai algus a man ja, da mai kemis da ke ba da maganin da ya fi ƙarfin iliminsa, da mai ɓoye hatsi yana jiran tsada. Waɗannan ba su cancanci goyon baya don kawai suna unguwarmu ba. Amma tsakanin nasiha da tozartawa akwai tazara mai nisa, kuma abin da nake gani a Facebook yakan ba ni tsoro, inda mutum zai ɗauki hoton shagon bawan Allah saboda saɓani guda, ya watsa shi ga dubban mutane, ya rushe cikin sa'a ɗaya abin da aka yi shekaru ana ginawa. A fara samunsa a keɓe, in ya ƙi a kai ga shugaban sana'arsu ko mai unguwa ko limami, domin kowace sana'a a ƙasar nan tana da manyanta tun kafin a san hukuma ta zamani.

Haka nan yabo shi ma shaida ce, kuma mai shaida abin tambaya ne. Idan wani ya tambaya a zauren WhatsApp na unguwa ina za a sami kafinta ko makaniki ko mai gyaran firji nagari, to kada mutum ya ambaci ɗan'uwansa don zumunta alhali bai taɓa gwada aikinsa ba, kada kuma ya yi shiru a kan wanda ya san amanarsa don ba ƙabilarsu ko ƙungiyarsu ko jam'iyyarsu ɗaya ba, domin a Sabon Garin Gusau akwai Yarabawa da Ibo da aka haifi iyayensu a nan, waɗanda suka riƙe amanar sana'a shekara da shekaru. Ya faɗi abin da ya gani daki-daki: aikin da aka yi masa, da ko an cika alkawari, da ko an dawo masa da canjin da ya manta, da kuma aibin da ya lura da shi in akwai, don mai tambaya ya shiga da saninsa.

Sai dai akwai sharaɗi guda da ya keɓanta da ƙasarmu a wannan zamani, wanda nake roƙon kowa ya kiyaye shi kafin ya rubuta sunan wani mai sana'a a Facebook ko WhatsApp. A Tsafe da Bunguɗu da ƙauyukansu, har da bayan garin Gusau, a ce wane kasuwarsa tana ci yana iya zama sanadin jawo masa idon masu kai rahoto ga ɓarayin daji. Don haka a nemi izininsa tukuna, kada a sa hoton kayan shagonsa ko gidansa, kada a ambaci yawan cinikinsa, lambar wayarsa kuma a tura wa mai buƙata shi kaɗai bayan an san ko wane ne. Wanda bai yarda a ambace shi a fili ba, a kama hannun mai nema a kai shi har bakin shagon, a ce, "Malam, ga baƙo na kawo maka, ka riƙe shi kamar yadda kake riƙe ni."