Farfaɗiya da maganar da ke maƙalewa

A Dalijan, kamar sauran garuruwan ƙasar Gwandu, da faɗuwa aka san farfaɗiya. Mutum ya yanke jiki, ya kama jijjiga, kumfa ta fito, jama'a su ja da baya don tsoron yawunsa, alhali yawun ba ya sa wa kowa cutar. Abin da ba a cika tankawa ba shi ne ranakun da mai ciwon yake tsaye da ƙafafunsa amma magana na yi masa gardama.

Yaro ne za a aika ya sayo gishiri. Ya san gishirin, yana ganinsa a faifan mai sayarwa, ya san amfaninsa, amma sunan ya ƙi zuwa. Sai ya tsaya yana "abin nan, Baba, abin nan da Inna ke sa wa miya." A yi dariya. Matar aure ta tsaya cak tsakiyar gaisuwa gaban surukarta, a ce raini ne. Almajiri ya kawo haddarsa sumul jiya, yau ta kakare, a kai masa bulala. Mu da gaisuwa kawai kan ɗauke mu minti biyar, wanda kalma ke kufce masa ya shiga uku, domin da baki muke auna hankalin mutum.

Dalilin yana cikin ƙwaƙwalwa. Ga yawancin mutane, sashen hagu ne ke riƙe da magana. Likitan Faransa Paul Broca ya fara nuna haka tun 1861, Carl Wernicke na Jamus ya ƙara a 1874. Farfaɗiya kuwa hargitsin wutar ƙwaƙwalwa ce, kuma sau da yawa takan taso daga sashen da ke daidai saitin kunne, inda ake ajiye sunayen abubuwa. Idan ta hagu ce, sunaye ne ke fara ɓacewa. Wani bayan ya farfaɗo yakan yi mintuna, wani lokaci fiye, yana jin abin da ake cewa amma ya kasa mayarwa. Akwai ma farfaɗiyar da ba ta kayar da mutum sam: ya ƙura ido, ya tauna leɓe, ya yi shiru na ɗan lokaci, ya dawo bai san an yi ba. Irin wannan akan kai wa masu ruƙiyya, a shekara ana fama da aljanin da babu shi. Ban hana kowa addu'a ba, amma addu'a ba ta hana zuwa asibiti.

Sai magani, wanda shi ma yana da hannu. Phenobarbital, wanda ya fi arha kuma ya fi yawa a karkara, yakan sa nauyin jiki da jinkirin tunani. Topiramate kuwa likitoci sun san shi da sace kalma daga baki. Wannan ba hujjar ajiye magani ba ce. Yanke shi farat ɗaya na iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa, wadda ke kisa. Abin yi shi ne a faɗa wa likita, ya rage ko ya sauya. A nan nake ganin muna asara. Idan an je Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi, ko na Kalgo, ko aka wuce Sakkwato zuwa Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo ko na ƙwaƙwalwa da ke Kware, abin da iyaye ke kai wa likita ɗaya ne: sau nawa ya faɗi. In bai faɗi ba, sai "Alhamdulillahi, likita, da sauƙi." Ba wanda ke cewa yaron ya daina hira, ko ya koma baya a makaranta, domin ba a ɗauke su ciwo ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum miliyan 50 ke da farfaɗiya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da masu matsakaicin ƙarfi, kuma har kashi 70 na iya rabuwa da faɗuwa in sun sami maganin da ya dace. Mu kuma muna zaune inda sabubbanta suka yi yawa: doguwar naƙuda a gida, zazzaɓin cizon sauro da ke hawa kai, haɗarin babur ba hular kwano, da sanƙarau. A farkon 2025 sanƙarau ya ratsa Gwandu da Aliero da Jega. An ƙirga waɗanda suka rasu, Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka tashi fa? Cikinsu akwai masu iya fitowa da farfaɗiya ko kurumta ko nauyin baki bayan watanni, lokacin da kowa ya manta da annobar.

Abin da ke hannunmu ba ya cin ko sisi. In kalma ta maƙale wa mutum, a ba shi lokaci, kada a yi rige-rigen ƙarasa masa, sai in shi ya nema. A yi masa tambaya ɗaya, ba uku a jere ba. Bayan ya farfaɗo kada a taru a kansa ana "ka gane ni? wane ne ni?" A kwantar da shi ta gefe, kada a cusa masa cokali a baki, a bar shi ya dawo a hankali. Malaman allo da na boko su sani cewa yaron da ya faɗi jiya ba zai yi karatun yau kamar sauran ba.

Kuma wani a gidan ya riƙe ɗan littafi, ko da ajami ne: ranar da ya faɗi, tsawon lokacin da ya ɗauka kafin magana ta dawo, da ko nauyin bakin ya fara ne bayan an sauya magani. Tsawon shirun nan kaɗai kan taimaka wa likita ya gane ɓangaren da ciwon ke tasowa. A tafi da littafin duk ranar ganin likita.