Lissafin da ke Ɓoye a Bakin Danja

'Yan'uwa, duk mai bin hanyar Madina Zongo Junction da yamma ya san tsawon layin motocin da ke taruwa a wurin. Mu kan ce rashin sa'a ne, alhali abu ne mai lissafi kamar rabon gado.

Masana hanya sun auna cewa idan koriyar fitila ta kama, layi ɗaya yana sakin mota ɗaya a kusan kowace daƙiƙa 2. Koriya ta daƙiƙa 30 ke nan za ta sallami motoci kamar 15. A ce fitilar tana kammala zagayenta a daƙiƙa 90, motoci 18 kuma suna isowa a kowane zagaye: 3 za su yi saura. Zagaye 40 ne a awa guda, saura ya zama 120. In kowace mota ta ci mita 7, layi ya kai mita 840. Rarar mota uku kacal ta haifi wannan duka.

Tun 1958 wani masani a Ingila, Webster, ya fitar da ƙa'idar raba lokacin fitila gwargwadon yawan motoci. A manyan biranen duniya kuwa ana binne waya a ƙarƙashin kwalta tana ƙirga duk motar da ta taka, kwamfuta ta hango tsawon layi kafin ya taru, ta ƙara wa koriya lokaci.

Abin ya dame ni ne saboda jana'iza. Ni ke sanar da jama'a lokacin tashi zuwa maƙabarta, kuma na sha ganin an rufe mamaci 'yan'uwansa suna tsaye a bakin danja. Shi ya sa nake ƙirga zagayen fitila kafin in yanka lokaci.

Sai dai lissafin yana da sharaɗi: kowa ya tsaya a matsayinsa. Direban trotro da ya tsaya ɗaukar fasinja a bakin mahaɗa na daƙiƙa 10 ya cinye rabon motoci 5, kuma ba a san wanda ke cikinsu ba. Wataƙila mai naƙuda ce. Wannan haƙƙin mutane ne, ba wayo ba. Wasu daga cikin direbobin nan 'ya'yanmu ne na zango, ya kamata iyaye da limamai su riƙa faɗa musu. Allah Ya kiyaye mu da ɗaukar haƙƙin wani.